Jigon waƙar Binsey Poplars ya gagare ni, a taimaka

Hafsatu_SS2: Assalamu alaikum yayyena. Malamin Adabin Turanci ya ba mu aikin gida, mu fito da jigon Binsey Poplars ta Gerard Manley Hopkins. Na rubuta "bishiyoyi", ya zagaye da jan biro ya ce in sake. Wallahi sau shida na karanta ta da ƙamus a gefe, ban ga komai ba sai bishiya. Litinin zan mayar.

Malam_na_Gwale: Wa alaikumussalam ƙanwata. Bishiya ita ce abin da yake magana a kai. Jigo kuwa shi ne abin da yake faɗa game da ita, don haka da wuya kalma ɗaya ta ɗauke shi, sai jimla.

Fara da sanadin waƙar. A lokacin da ya rubuta ta, Hopkins limamin coci ne a Okisfod ta Ingila. A 1879 ya tarar an sare layin bishiyoyin da ke bakin kogi kusa da ƙauyen Binsey, shekarar ma tana nan a ƙarƙashin sunan waƙar. Sai ki nemi abin da yake nanatawa: kalmar sarewa sau uku a layi ɗaya, kamar mai kukan rashi. Amma ni inda ta fi taɓa ni baiti na biyu ne, inda ya kwatanta ƙasa da ƙwayar ido, tsira ɗaya kawai ido ya tafi. Har ya ce ko gyara muka nufa, ɓarna muke yi. Tsaya nan ki tambayi kanki: me yake zargin ɗan Adam da shi?

Abba_Ɗanlami: Malam ya gama magana. Ki tuna ajin Hausa, jigo a gajarce sannan warwarar jigo, hanyar ɗaya ce. Ni ban gane waƙar ba sai da aka sare darbejiyar ƙofar gidanmu don a yi shago. Ƙannena ba su ma san an taɓa yin inuwa a wurin ba, kuma haka Hopkins ya ce, masu zuwa baya ba za su san kyan da aka rasa ba.

Hafsatu_SS2: Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: mutum na lalata halitta cikin ɗan lokaci, abin da ya lalata kuma ba ya dawowa. Malam, ya yi?

Malam_na_Gwale: Ya yi. Ki kafa hujja da kwatancen idon, da sara goma ko sha biyun da ya ambata kusa da ƙarshe.