"Shiru ma magana ce": haka ake nufi da karin nan?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar ruwan leda a nan Sakkwato. Makon jiya wani saƙon murya ya bazu a WhatsApp, wai yara biyu sun kamu da amai da gudawa bayan sun sha ruwanmu. Kafin la'asar masu shaguna sun fara maido mana da kaya. Na roƙi maigida mu fito mu yi bayani, ya ce a'a, shiru ma magana ce. Yau kwana biyar ba mu ce uffan ba. Iyayena, nan ne muhallin karin?

Baba Na Kanwuri: Wa alaikumus salam, ɗana. Maigidanka ya ajiye karin inda ba wurinsa ba. Ana faɗinsa in mara kunya ya zage ka cikin taro ka ƙyale shi, ko an tambayi budurwa game da manemi ta sunkuyar da kai. A can kowa ya san fassarar shirun. To uwar da ɗanta ke kwance a asibiti, me za ta ji cikin shirunku? Cewa za ta yi kun san abin da kuka aikata. Tun da shirun magana ne, ai kwana biyar ke nan kuna magana, sai dai wasu ke fassara muku ita.

Hajiya Runjin Sambo: Baba, a gafarce ni, ni ina ganin maigidan yana da hujja. Magana zarar bunu ce. In ya fito ya rantse ruwansa lafiya lau, gobe gwaji ya ƙaryata shi fa? Na daɗe a kasuwa, na ga waɗanda bakinsu ya yanka wuyansu.

Malama Arkilla: Hajiya, abin da karinki ya hana shi ne rantsuwa kan abin da ba a tabbatar ba, bai hana bayani ba. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Cikago ta Amurka bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson bai jira a gano mai laifin ba. Ya ce jama'a su daina sha, ya janye kwalabe kusan miliyan 31, daga baya ya dawo da maganin cikin marfi mai hatimi wanda in an taɓa za a gane. Har yau da shi ake misali wajen koyar da aikin hulɗa da jama'a. Bai ce "ba mu da laifi" ba, ya dai faɗi abin da ya sani da matakin da ya ɗauka.

Hajiya Runjin Sambo: Wannan ai mai ƙarfi ne, Malama. Ƙaramar masana'anta in ta janye kaya, wa zai biya ma'aikata?

Baba Na Kanwuri: Ai kayan sun riga sun dawo da kansu, Hajiya. Ni abin da ya fi damuna shi ne bakin da zai yi maganar. Ku tuna 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa. Zukata ba su manta gwajin maganin kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ba, don haka sanarwar hukuma ita kaɗai ba ta shiga kunne ba. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, daga baya Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tsaya tsayin daka, kafin a kai ga 2020 da aka ce cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Wanda ake zargi ba ya wanke kansa da bakinsa. Ku kira NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, su ɗebi ruwan su gwada, ku sa mai unguwa da liman su shaida.

Ɗan Mabera: Na gode, Baba. Zan karanta wa maigida wannan yau da dare. Amma mu je Rima Radio yanzu, ko mu jira sakamako?

Malama Arkilla: Ku fara da gidan yaran in kun gano shi, ku duba su ba tare da kyamara ba. Daga nan ku tsayar da ruwan da aka ɗura a ranar, ku je rediyo ku ce kun tsayar, kun kai gwaji, ku kuma yanke ranar da za ku dawo da sakamako, ko mai daɗi ko mara daɗi.