Abin da ɗalibai mata suka ce kan duba mama da kai

Da muka zauna da wasu ɗalibai mata da wata ma'aikaciyar jinya kan sankarar mama, wadda ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya, kusan kowa ta san ana duba mama da kai, amma masu yi kaɗan ne. Wata ta ce kunya ce: ɗaki ɗaya mutum shida a hostal, ina za ka tuɓe gaban madubi? Wata ta ce ita tsoro take, kada ta taɓa ta ji wani abu. Da yawa kuma suna ganin ciwon manyan mata ne.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a yi a banɗaki lokacin wanka, hannu da sabulu ya fi jin ƙullutu. Sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan al'ada ta ɗauke, lokacin da kumburi ya sauka. A ɗaga hannu sama, a bi da cikin yatsu uku a zagaye, har ƙarƙashin hammata. A lura ko fata ta lotsa kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita. Mai mantuwa ta sa tunatarwa a waya.

Maganar Sista, wato ma'aikaciyar jinyar, ta kwantar mini da hankali ƙwarai: yawancin ƙullutun da ke fitowa 'yan mata ba daji ba ne. Amma ta roƙe su idan an ji ƙullutu kada a tsaya shafe-shafen magani a gida, a je asibitin makaranta a makon da aka ji shi likita ya duba.