Wane littafin taswirar taurari ya dace da mai madubin hangen nesa na hannu?

Malamin Kimiyya, Katsina:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da madubin hangen nesa mai ido biyu, 10x50 (wato yana girmama abu ninki 10, faɗin gilashinsa na gaba milimita 50), kuma ina iya gane Kaza da 'Ya'yanta da wasu manyan gungun taurari, amma ina so in wuce nan, in riƙa nemo abubuwan da ido ba ya gani shi kaɗai. Manhajar waya tana taimakawa, sai dai duk lokacin da na kalli allon wayar, idona yana daɗewa kafin ya sake sabawa da duhu, saboda haka na yanke shawarar sayen littafin taswira bugagge. Wani ɗan uwana zai dawo daga Ingila, kuma littafi ɗaya zan iya roƙonsa ya taho mini da shi. Sunaye uku na fi cin karo da su: Pocket Sky Atlas, da Sky Atlas 2000.0, da Uranometria 2000.0. Tunda kuɗin sau ɗaya zan kashe, shin ba gara in ɗauki wanda ya fi kowanne yawan taurari ba?

Mai Kallon Sama, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. A'a, yawan taurari ba shi ne ma'auni ba, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke yin asarar kuɗinsu. Abin da ya kamata ka fara dubawa a kowane littafi shi ne matakin hasken da ya tsaya a kai. Masana suna auna hasken tauraro da lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon dusashewar tauraron. Tazarar mataki biyar tana nufin bambancin haske ninki 100. Lafiyayyen ido a wuri mai duhu sosai yana kaiwa wajen mataki na 6, madubi irin naka kuwa yana iya kaiwa wajen na 9 idan sama ta yi garau.

Pocket Sky Atlas, wanda Roger Sinnott ya shirya kuma mujallar Sky & Telescope ta fitar a 2006, ya tsaya a mataki na 7.6, da taurari kusan 30,000 a kan taswira 80. Sky Atlas 2000.0 na Wil Tirion, ɗan ƙasar Holan, ya fara fitowa a 1981, kuma bugu na biyu na 1998 ya kai mataki na 8.5, da taurari sama da 81,000 a kan manyan taswirori 26. Uranometria kuwa, a bugunsa na biyu, ya kai 9.75, da taurari kusan 280,000 a kan taswira 220. Matsalar wannan na ƙarshe ita ce kowane shafi ɗan ƙaramin yanki ne na sama, har ta kai mutum ya buɗe shafi bai ga tauraro ko ɗaya da ya sani ba, sai ɗigo-ɗigo barkatai. Kamar baƙo ne ya nemi hanyar Kano daga Katsina, a miƙa masa taswirar lungunan unguwa ɗaya. An yi shi ne domin masu manyan na'urorin hangen nesa waɗanda suka riga suka san sama, suna farautar abubuwa masu tsananin dusashewa.

Ni dai Pocket Sky Atlas zan ce a sayo maka. Ana riƙe shi da hannu ɗaya, an ɗinke shi da waya mai lanƙwasa ta yadda za ka naɗe shi a kan shafin da kake so ba tare da ya rufe kansa ba, kuma an zana layukan da suke haɗa taurarin kowane gungu, abin da Sky Atlas 2000.0 bai yi ba, domin shi iyakokin gungun kawai ya nuna. Ga wanda yake koyo, waɗannan layukan su ne rabin aikin. An kuma raba shafukansa kashi takwas, kowane kashi yana bin tsiri ɗaya na sama daga arewa zuwa kudu, saboda haka taswirorin da za ka buƙata a dare ɗaya suna kusa da juna. Abubuwan nesa da ke cikinsa, wato curin taurari da gajimaren iskar gas da galaksi (manyan tarin taurari irin wanda ranarmu take cikinsa), sun kai kusan 1,500, kuma madubinka ba zai ƙare su ba.

Tsohon Safiyo, Damagaram:

Na yarda da yawancin abin da ɗan uwa na Zariya ya faɗa, amma ina da ja a kan Sky Atlas 2000.0, domin bai kamata a ture shi gefe da sauri haka ba. Idan mutum ya manyanta, ƙananan rubutu a ƙarƙashin jar tocila, wadda ake amfani da ita don kada ido ya rasa sabonsa da duhu, azaba ne, kuma manyan shafukan Tirion suna nuna fili mai faɗi a lokaci guda, ta yadda za ka ga inda ka taso da inda za ka ba tare da juya shafi ba. Gaskiya ne sai da tebur, kuma iska tana wasa da shi. An buga shi iri uku: baƙaƙen taurari a kan farar takarda, da fararen taurari a kan baƙar takarda, da kuma mai launi. Ana cewa mai baƙar takarda ya fi kare ido daga haske, amma ni na fi son mai farar takarda saboda ana iya yin rubutu a kansa da fensir. Idan girman rubutu ne kaɗai damuwa, akwai babban bugu na Pocket ɗin ma, wanda suke kira Jumbo.

Amma babban abin da ya sa na sa baki shi ne maganar inda muke a doron ƙasa, tunda daga Ingila za a yi sayayyar. Katsina tana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Landan kuwa tana sama da digiri 51. Mutumin Landan ba ya ganin abin da ya wuce kimanin digiri 38 kudu da layin da ya raba sama biyu, mu kuwa muna gani har wajen digiri 77. Littattafan nan uku duk sun ƙunshi sama gaba ɗaya, ba su da matsala. Inda ake faɗawa rami shi ne faifan nan mai juyawa da ake daidaita kwanan wata da sa'a a kansa, da kuma taswirorin wata-wata na littattafan koyo, domin ana yin su ne don wani yanki takamaimai. Idan ɗan uwanka ya shiga kanti ya ɗauko faifan da aka yi wa Turai, za ka tarar an yanke maka mafi kyawun sashen samanmu: babu Suhailu, wanda shi ne na biyu a haske cikin taurarin dare, kuma yana tsayawa wajen digiri 24 sama da ƙasa ta kudu da daren Janairu da Fabrairu, babu gungun Crux mai siffar gicciye, wanda muke gani ƙasa-ƙasa a Afrilu da Mayu, babu Omega Centauri, curin taurarin da ya fi kowanne irinsa girma a galaksinmu, wanda a madubi 10x50 yake fitowa kamar dunƙulen auduga mai faɗi. Ka gaya masa ya duba lambar digirin da aka rubuta a jikin faifan, idan ba ta kusa da tamu ba, ya bar musu kayansu.

Malama Mai Lissafi, Kaduna:

Malam, kafin ɗan uwanka ya iso, akwai abin da za ka iya yi a wannan makon. Shafin Skymaps yana fitar da taswirar wata-wata kyauta, kuma yana da bugu na musamman na yankunan da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu, wanda shi ne ya fi dacewa da mu. Akwai kuma cikakkun taswirori kyauta a intanet, irin na Toshimi Taki ɗan Japan, wanda ya kai mataki na 8.5. Ka buga shafi biyu ko uku a shagon kwamfuta, ka sa su a leda saboda raɓa, ka gwada su da madubinka, nan take za ka san ko zurfin 8.5 ya yi maka yawa a saman unguwarku.

Wasu abubuwa kuma kada su ruɗe ka idan littafin ya zo. A taswirar sama gabas tana hagu ne idan arewa tana sama, domin kallonta ake yi daga ƙasa. Madubi mai ido biyu ba ya juya hoto, saboda haka abin da ke shafi shi za ka gani, muddin ka karkata littafin ya dace da yadda gungun yake tsaye a lokacin. Sa'annan ba za ka sami Zara ko sauran duniyoyi a ciki ba, tunda su kullum cikin tafiya suke a tsakanin taurari, kuma a nan wayarka za ta ci gaba da amfani. Lambar 2000.0 da ke jikin sunayen kuwa shekarar da aka daidaita ma'aunin wuraren taurari ce, kuma sauyin da ake samu a wuraren taurarin bai wuce kimanin digiri ɗaya a shekara 72 ba, don haka kada ta sa ka ɗauka littafin ya tsufa.

Malamin Kimiyya, Katsina:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Na aika wa ɗan uwana sunan Pocket Sky Atlas, na ce idan ya sami babban bugun ya fi, faifan kuwa na ce ya bari. Baba na Damagaram, ina da ƙarin tambaya: da yake watannin Suhailu su ne lokacin da hazo ya fi yin kauri a nan, shin da asuba a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, ba zai fi sauƙin gani ba?

Tsohon Safiyo, Damagaram:

Haka ne, Malam. A tsakiyar Oktoba yana kaiwa ƙololuwarsa ta kudu wajen ƙarfe biyar na asuba, kuma sama a lokacin wankakkiya ce. Ka fara nemo Sirius, wanda ya fi kowane tauraron dare haske, ka gangaro da ido kudu kusan digiri 36, wato kimanin dunƙulen hannu uku da rabi idan ka miƙe hannunka sosai. Ka dai sami wurin da gini ko bishiya ba su tare maka kudu ba.