Kuɗin cika tagwayen tukwanen iskar nutso: ninki biyu ne ko ya fi?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina da tagwayen tukwanen ƙarfe na nutso, kowace lita 12, masu ɗaukar bar 232 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), an haɗa su da bututu mai bawul a tsakiya. Mai injin da ke cika min yana da farashin tukunya ɗaya ta alminiyam, amma tawa ya ce kuɗin biyu da rabi zai karɓa. Ni a ganina tukwane biyu kuɗin biyu ne. Kuma ana cikawa geji ya nuna 232, washegari in tarar da 215. Masana, yaya ake lissafin nan?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba tukunya ake saya ba, iskar da ta shiga ciki ake saya. Ka ɗauki girman tukunya a lita, ka ninka da bar ɗin da aka ƙara.

Ta alminiyam da aka fi sani lita 11.1 ce, tana cika a bar 207. In an kawo ta da saura 50, an ƙara 157 ke nan, wato kimanin lita 1,740. Taka kuwa lita 24 ce in an haɗa. Daga 50 zuwa 232 an ƙara 182, lita 4,368. Ka raba da 1,740, biyu da rabi ne cif. Mutumin bai zalunce ka ba, in dai da saura 50 kake kai masa. In da 80 kake kaiwa, lita 3,648 ce, biyu da ɗan ɗoriya. In da 120 ne, ɗaya da rabi ma ya kusa isa. Don haka ku karanta geji tare kafin a jona tiyo, ku yi ciniki a kan lita. Sai dai ka yarda ya sa ƙaramin kuɗin tayar da inji, domin ko bar 30 zai ƙara maka sai ya ƙona mai.

Batun 215 kuma zafi ne, ba yoyo ba. Iska tana zafi in an matse ta. Tukunyar da aka cika tana kusan digiri 48, in ta huce zuwa 25 za ta sauko daidai inda ka gani. Bar 17 sau 24 ya haura lita 400 da ka biya ba ka samu ba. Maganinsa a cika a hankali, a bar ta ta huce a inuwa awa ɗaya ko biyu, sannan a ƙarasa. Kada ka yarda a zarce lambar da aka buga a kafaɗar tukunya wai don in ta huce ta daidaita.

Malam na Tudun Wada:
Injiniya ya gama lissafi. Ni zan duba ta ɓangaren mai inji, don a nan arha take kashe mutum. Ƙaramin kwamfireso irin Bauer Junior II lita 100 yake bayarwa a minti, saboda haka tagwayenka minti 44 ne inji na aiki, kuma a Zariya zai ɗan fi haka, tunda muna sama da mita 600 daga matakin teku, iskar da yake zuƙa ba ta kai ta Legas kauri ba. Ban da fetur, akwai man inji na musamman, akwai kuma filtar da ke tsane ruwa da tururin mai. Ita ce ke cin kuɗi a ɓoye. Iska mai zafi da laima tana cika ta da wuri, don haka a watan Afrilu da cikin damina ba ta kai awoyin da take yi da sanyi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar bakin shigar iska.

Wanda ya karya farashi sosai, a nan yake rage kashe kuɗi. Ka tambaye shi yaushe ya canza filta, ya nuna maka inda yake rubuta awoyi. Ka duba tiyon zuƙar iska: dole ya yi nesa da salansar injin da ta janareto, ta inda iska ke busowa. Gubar hayaƙin nan ba ta da wari. Ƙa'idar Turai ta iskar shaƙa, EN 12021, ba ta yarda gubar ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba, kuma a zurfin mita 10 abin da kake shaƙa ya ninka. Ka kara farin ƙyalle a bakin bawul ka buɗe kaɗan. In ka ga tabon mai ko ka ji ɗanɗanonsa, kada ka shiga ruwa da ita. Injin masu faci kuwa kada ma a kawo zancensa, matsinsa bai kai ko kusa ba, iskarsa kuma duk mai ce.

Ɗan Samaru:
Allah Ya saka da alheri. To in naitroks 32 nake so fa, wato iskar da aka ƙara wa oksijin har ya kai kashi 32 cikin ɗari?

Injiniya Sabon Gari:
Shi kuɗi biyu ne, na oksijin da na iska. A tukunyar da ba komai, ana fara zuba oksijin zalla kimanin bar 32, wajen lita 770 a tagwayenka, sai a cike da iska zuwa 232. Wannan hanya tana buƙatar tukwane da bawul da aka wanke musamman don oksijin, da iskar da ba ɗigon mai, in ba haka ba wuta na iya tashi. Oksijin ɗin ma na shaƙa ne, ba na masu walda ba. Iyakar zurfin naitroks 32 mita 33, kuma in aikinka a madatsar ruwa mara zurfi ne, ribar ba ta kai kuɗin ba.

Bawul ɗin tsakiya ya kasance a buɗe tun daga farko har ƙarshen cikawa. In a rufe yake, gefe ɗaya kawai zai cika, geji ya nuna 232 ka biya kuɗin biyu. Da naitroks abin ya fi muni: gefe ɗaya na iya zama oksijin kusan zalla. Bayan sun huce, ka auna kowane baki da na'urar auna oksijin da hannunka, ka rubuta kason da kwanan wata a jikin tukunya. Kafin ka je, duba hatimin gwajin matsi a kafaɗarta. In ya wuce shekara 5, mai injin kirki ba zai cika maka ba.