Saƙon oga: tabar Kuba da giyar rake

Nura Houston: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Sati mai zuwa in sha Allahu ni da amarya za mu hau jirgin ruwan nan na shaƙatawa daga Galveston a jihar Texas, kwana bakwai, zai tsaya Jamaika da tsibirin Cozumel na Meziko. Toh ogana na wurin aiki da ya ji sai ya ce in taho masa da tabar Kuba, mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye, akwati ɗaya na Cohiba, da kwalbar giyar rake ta Havana Club ɗaya, har ya turo min dala 300. Ni ban san kan abin ba wlh. Kwastam za su bari in shigo da su? Nawa aka yarda mutum ya ɗauko?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam ango. Sai yau muka ji ɗuriyarka, tun ranar walima ka yi ɓatan dabo

Baban Sadiq: Mayar masa da kuɗinsa kawai.

Ɗan Damagaram: Haba Baban Sadiq kar ka tsorata yaro mana. Ai Obama ya buɗe wannan tuntuni, ni da hannuna na shigo wa maƙwabcina da akwati biyu a 2017, na nuna musu ma, ko kallo na biyu ba su yi min ba

Baban Sadiq: 2017 ka ce ai. Yanzu wace shekara muke?

Anti Rabi Maryland: Duk ku biyun kuna da gaskiya amma ta Ɗan Damagaram ta tsufa. A Oktoban 2016 Obama ya sakar wa mutane mara, kowa na iya shigowa da taba da giyar Kuba in dai don amfanin kansa ne. Sai Trump ya zo, a Yunin 2019 ya hana jiragen shaƙatawa zuwa Kuba, a Satumban 2020 kuma aka rufe taba da giyar gaba ɗaya. Kuma ku lura, ba ruwansu da inda ka saya, ko a Meziko ko Jamaika ko Landan, in dai a Kuba aka yi ta to ba ta shigowa. Ba ta cikin abin da ake biyan haraji a wuce, ƙwacewa ake yi.

Ɗan Damagaram: Ai na ɗauka Biden ya mayar

Anti Rabi Maryland: Bai taɓa wannan ba ƙanena

Alhaji Bronx: Nura ɗana ka zauna ka karanta wannan da kyau, ni ba labari na ji ba, a kaina ta faru. Shekara biyu bayan korona yara suka haɗa kuɗi suka saya mana tikiti ni da Hajiya wai mu je mu huta, muka je, mai gidan da nake haya wani dattijo ne da muka shekara goma sha huɗu tare bai taɓa ƙara min kuɗin haya da wulaƙanci ba, kullum da taba a bakinsa, na ce bari in yi masa tsaraba. Muna sauka Cozumel tun kafin ka fita daga layin shagunan bakin ruwa wani ya tare ni yana ta amigo amigo, ya ja ni lungu ya buɗe min akwati mai murfin gilas, karan taba a jere kowanne da ɗamara mai ruwan ƙwai da baƙi, abin sha'awa. Ya ce 250, na yi ta ciniki irin namu na Kantin Kwari har muka tsaya a 140, na fito ina jin na yi wa Bamezike wayo. Na tambaye shi kwastam fa, ya ce ba komai kowa na wucewa da ita, in ina tsoro in cire ɗamarar. Ni kuma na ga in na cire ɗamara ai tsarabar ta tashi daga ta Kuba ta koma ganye kawai, sai na naɗe akwatin a cikin zanin atamfar Hajiya na sa a ƙasan jaka na ɗora darduma a kai. Ranar sauka jami'i ya tambaye ni ko na sayo taba ko giya, shaiɗan ya hau kaina na ce a'a. Ban san me ya gani a fuskata ba sai ya nuna mana wani layi daban. Wata mata da safar hannu shuɗiya ta ɗaga dardumar ta ajiye gefe da ladabi, ta fara warware zanin nan sannu a hankali a gaban Hajiya wadda ba ta ma san da akwatin ba. Wallahi kallon da Hajiya ta yi min ya fi min na kwastam ciwo. Awa biyu da wani abu muka yi, suka karɓe, suka ba ni takarda na sa hannu, jirgin samanmu na komawa New York ya tashi ya bar mu, sai da na sake biyan kuɗin canjin tikiti. Bayan sati uku saƙo ya zo an soke min Global Entry, katin nan na wucewa kwastam ba dogon layi. Laifina ne ba na kowa ba, da na ce eh akwai da karɓewa kawai za su yi in kama gabana, ƙaryar ce ta ja min sauran

Maman Ilham: Innalillahi. Hajiya ta yi haƙuri wlh, ni ce da a nan zan bar ka

Sani Mai Uber: Alhaji ka ce murfin gilas?? 😂😂

Alhaji Bronx: Na sani Sani, ba sai ka faɗa ba

Sani Mai Uber: A'a dole in faɗa don amfanin jama'a. Cohiba ta gaskiya ba a sayar da ita a akwati mai murfin gilas, duk inda ka gan shi jabu ne, a kan 'yan jirgin ruwa ake yinsa. Wato Alhaji an ƙwace maka Global Entry a kan tabar da wataƙila ko Kuba ba ta taɓa gani ba

Alhaji Bronx: Dattijon ma abin da ya ce kenan da na nuna masa hoton, sai da ya yi dariya har da tari

Malam Habu: Ni abin da ya ba ni mamaki tun ɗazu ana ta lissafin doka ta Amurka ba wanda ya ce wa yaron nan komai a kan kwalbar. Hadisi ne a Tirmizi da Ibn Majah, mutum goma aka la'anta a kan giya, ciki har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa. Ko da kwastam za su shimfiɗa maka jar darduma Nura kar ka ɗauko. Da amarya ma a gefenka, da wannan za a buɗe gida?

Nura Houston: Gaskiya ne Malam, ni ma abin ya tsaya min a rai, nauyin ogan ne kawai, shi ya sa hannu a hutun nawa

Ɗan Damagaram: To tabar fa Malam? ko ita ta halatta

Malam Habu: Kai dai ka fi son a ja magana

Ɗan Damagaram: Tambaya ce fa, na ga rabin masu wa'azin hana taba goro ya gama rina musu haƙora

Baban Sadiq: Admin a shigo kafin a fara

Anti Rabi Maryland: Ku bar wannan dan Allah. Don wanda zai karanta daga baya, tunda akwai 'yan'uwanmu a nan da ba Musulmi ba kuma suna tafiya, ga yadda lissafin yake. Mazaunin Amurka da ya yi awa 48 a waje yana da kayan dala 800 ba haraji, kuma iyali na iya haɗa nasu wuri ɗaya. A ciki akwai karan babbar taba 100 da sigari 200 da giya lita ɗaya, ita giyar sai mai shekara 21, ba a lissafa kason yara. Daga irin su Jamaika da Barbados da Jamhuriyar Dominika ana yarda da lita biyu in ɗaya daga ciki a yankin aka yi ta. In jirgi ya tsaya St. Thomas ko St. Croix, tsibiran Amurka, abin ya fi yawa, dala 1,600 da lita biyar in ɗaya 'yar can ce. Abin da ya haura ba laifi ba ne, faɗa za ka yi a yanka maka haraji. Ta Kuba ce kaɗai ko kara ɗaya babu

Yakubu Jos: Anti na gode da kika tuna da mu 😄 Bari in ƙara abu biyu da na gani. Kwalbar da ka saya a gari ba za ka hau da ita ɗakinka ba, a ƙofar jirgi suke karɓa su rubuta lambar ɗaki su ajiye sai daren ƙarshe ko safiyar sauka. Sannan tunda Galveston ne, bayan ka gama da kwastam jihar Texas ma tana da nata teburin, suna karɓar 'yan daloli a kan kowace kwalba ko da ba ka haura ƙa'ida ba, mutane da yawa ba su sani ba sai sun gani

Yakubu Jos: Kuma wanda zai hau jirgin sama bayan nan ya sa a jakar awo, ba ta hannu ba. Mai ƙarfin da ya wuce kashi 70 ko a jakar awon ma ba a ɗauka

Malam Habu: Allah ya shirye ka Yakubu

Yakubu Jos: Amin Malam, mu duka

Farfesa: Wani abin dariya a tarihin dokar nan. Kennedy da ya sa wa Kuba takunkumin a Fabrairun 1962 shi kansa mashayin tabarsu ne. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labarin da bakinsa, cewa da yamma shugaban ya kira shi ya ce ya nemo masa aƙalla kara dubu na H. Upmann kafin safiya, washegari ya zo ya ce ya samo 1,200, sai Kennedy ya jawo takarda daga durowa ya sa hannu

Sani Mai Uber: Tabɗi. Ashe ba a Najeriya kaɗai manya ke cika tanki kafin a ƙara kuɗin mai ba

Farfesa: Kuma Nura akwai inda ake ruɗewa. Sunayen nan bibbiyu ne. Akwai Cohiba ta Kuba, akwai wata Cohiba da ake yi a Jamhuriyar Dominika mai jan ɗigo a cikin harafin O, ita a shagunan Houston ma ana sayarwa. Haka Havana Club, wadda ke kasuwar Amurka kamfanin Bacardi ne ke yinta a Puerto Rico, shekara da shekaru suna shari'a a kan sunan. Jami'i ba suna yake dubawa ba, inda aka rubuta ƙasar da aka yi yake dubawa. Ogan naka in mashayin gaske ne ya san duk wannan, shi ya sa ya aike ka bai je shago ba

Maman Ilham: Yauwa Farfesa abin da nake so in ce kenan. Ya san haramun ce a dokarsu ya tura ɗan mutane mai girin kad

Bashir Toronto: Ku dawo Kanada kawai, mu nan tabar Kuba a shago take, kara 50 kake shigowa da shi hankali kwance

Baban Sadiq: Ku riƙe sanyinku mun yafe

Umma Manchesta: Mu ma Ingila 50 ne kuma ba ruwansu da Kuba. Amma ni tambayata daban, tunda ana maganar kwastam, Mama za ta je wurin yayana a Atlanta wata mai zuwa kuma ta dage sai ta tafi da kilishi, ana bari?

Alhaji Bronx: A'a!! Nama kowane iri daga gida ba ya shiga, busasshe ko soyayye. Akwai wasu 'yan ƙananan karnuka masu dogon kunne da ke zagaya jakunkuna, in ya zauna kusa da jakarki shikenan

Sani Mai Uber: Alhaji ya zama lauyan kwastam tun daga zanin Hajiya

Maman Ilham: Kuka da kuɓewa busassa da yaji ni dai ina wucewa da su, amma kullum sai na ce ina ɗauke da abinci su buɗe su gani. Dambun nama ne suka taɓa zubar min, roba guda, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci

Umma Manchesta: Daddawa fa?

Sani Mai Uber: Ita ai karen ne zai gudu da kansa

Ɗan Damagaram: Kilishin ma in za a yi asara a yi ta kan na ƙwarai, na Nijar, ba wannan na Kano mai kama da kwali ba

Baban Sadiq: Ka fara ko. Wa ya koya muku?

Nura Houston: Jama'a ni fa har yanzu ban san me zan ce wa oga ba 😩

Anti Rabi Maryland: Ka ce masa ka bincika doka ta hana kuma ba za ka saka takardunka a haɗari ba, bature ya fi kowa gane wannan yaren, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka tura masa 300 ɗinsa yau ba gobe ba don kar ya zama kana riƙe da kuɗin aike. In kun tsaya Jamaika ka saya masa kofin Blue Mountain gasasshe da kuɗinka, yana wucewa lafiya, ka riƙe rasit, in an tambaye ka ka faɗa

Yakubu Jos: Ka duba hatimi a jikin ledar, shi ma kofin ana haɗa shi da wani a sayar wa baƙi

Nura Houston: Na tura masa yanzu. Ya turo min babban yatsa kawai, ban san ko fushi ba ne

Maman Ilham: Ya sha ruwa. Amarya ta nemi maganin jiri tun kafin ku hau, ni kwana biyun farko a kwance na yi su

Ɗan Damagaram: Baban Sadiq ina jiranka, ka kawo hujja a kan kilishin