Shin ƙarin albashi ne zai farfaɗo da aikin gwamnati?

Akawu a ƙaramar hukuma: Ni dai ina kan bakana cewa babu abin da zai zaunar da ma'aikaci a ofis sai albashin da zai kai shi ƙarshen wata. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abokin rabo, shi ya sa wanda muke tebur ɗaya da shi yake zuwa Litinin da Talata, sauran kwanakin yana gona.

Tsohon darakta mai ritaya: Ɗana, ban ƙi ta taka ba, amma na ga ƙarin albashin Udoji da idona. Bayan rahoton kwamitin Udoji na gyaran aikin gwamnati a 1974, gwamnatin Gowon ta yi ƙari mai tsoka har da ariyas, muka sayi rediyo da babura, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi, fayil kuwa ya ci gaba da kwana a tebur. Abin da ya fi karya mana gwiwa shi ne korar 1975, lokacin da gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000 ba tare da an saurari mafi yawansu ba. Daga nan ma'aikaci ya daina ɗaukar aikin a matsayin inuwar tsufansa, ya shiga tanadin gobe ta kowace hanya.

Malamar firamare: Baba, akwai ciwon da ku duka ba ku taɓo ba. Takardar ƙarin girmata ta shekara uku a cikin akwati, har yau ban ga kwabonta a albashi ba, alhali wani da ba ma ganinsa sai ranar tantance ma'aikata ya wuce ni da mataki, saboda yana da uwa a gindin murhu. Ko an ninka mana albashi, shi ma za a ninka masa, to me zai sa in riƙa kai wa ƙarfe biyu a aji?

Akawu: Malama, adalci a ƙarin girma wajibi ne, amma mai jin yunwa ba ya jiran takarda.

Tsohon darakta: Sai dai ka lura, ɗana, Malama ba yunwa ta kawo ƙara ba. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara, da hannuna na sha cika shi, kuma kusan kowa na ba shi maki mai kyau don gudun a zo gida da dare ana ba ni haƙuri.