Daga taya inci 31 zuwa 35: shin dole ne a sauya giyar aksil?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Motata da nake shiga daji da ita tana kan taya inci 31 da giyar aksil 3.73 (wato sandar da ke kai ƙarfin inji aksil tana juyawa sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), kuma ina so in koma inci 35 domin cikinta ya daina gugar duwatsu. Shin giyar da ke ciki za ta wadatar?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Motar za ta tafi, amma da nauyi, domin babbar taya tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa, kuma kuloci ne zai sha wahala a hawan tudu. Ka ninka 3.73 da 35, ka raba da 31, za ka samu kusan 4.21, wato giyar da za ta mayar wa motar ƙarfinta na da. Ni dai 4.56 zan zaɓa maimakon 4.10, saboda nauyin sabuwar tayar, kuma wajibi ne aksil na gaba da na baya su zama daidai.

Amsa ta biyu:
Ka sani inci 2 kawai cikin motar zai ɗaga, ba 4 ba. Idan ba ka sauya giya ba, agogon gudu zai nuna 100 alhali kana kusan 113.

Amsa ta uku:
Ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka duba ko tayar tana taɓa madigadi. Tawa sai da aka yanke shi.